Ranar Haihuwar Habi

Duk Sabon Birni, in ka ce Habi Mai Anza, har mai faskare ya san wadda kake nufi. In ka ce Kande mai lalle kuwa, sai an tambaye ka wace Kanden. To ni ce Kanden. Uwata da uban Habi ciki ɗaya sunka fito, watau taubasai muke. Tare munka tashi a Gatawa, tare munka gudo garin nan shekarar da ɓarayin daji sunka ƙone mana rumbuna. Na girme ta, na fi ta haske, na fi ta iya ɗaurin kallabi. Amma rabo ba ya duba kallabi, kuma ni ban iya ɓoye abin da ke cikina ba: ƙyashin Habi nake ji, ba tun yau ba.

Ba a kan waya abin ya fara ba. Ni shekara da shekaru ina ɗakin miji, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ita kuwa ana kai ta gidan Labbo, shekara ba ta zagayo ba ta haifi namiji, anka sa mishi Amiru. Kun san ɗan fari a wurinmu. Uwa ba ta faɗin sunanshi, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, kuma sau da yawa da an yaye shi sai a ba wata 'yar'uwa riƙo. Na sa rai ƙwarai. Wa ya fi ni cancanta? Da anka yaye shi na tafi da ƙafata na roƙa. Habi ta ce shina fama da haƙori, a bari ya samu sauƙi. Na koma da kaka, ta ce sanyi na shigowa. Na koma da bazara, ta ce zafi. Matar da ko sunan yaron ba ta iya faɗi, sai “wancan” da “kai mai kunnuwa”, amma ta rungume shi kamar kaza mai ɗan tsako ɗaya. Na yi fushi na daina tambaya.

Bayan mun dawo Sabon Birni sai fari ya biyo mu. Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya kwanta. Anka yi ta fita roƙon ruwa, hadari ya haɗu ya watse. Labbo ya kora 'yan shanun da sunka rage ya yi kudu, ya bar wa Habi waya don su riƙa gaisawa. Malami, mai rumfar cajin waya a bakin kasuwa, shi ya buɗe mata shafi a manhajar nan ta gajerun bidiyo da kowa ke kallo. Ni ma ya buɗe mini, har na riga ta.

Ni mi nake sawa a shafina? Lalle, zane mai kyau, hannuwan amare kamar ka lashe. Ita kuwa? Abincin yunwa! Tafasa, yaɗiya, rama, sai uwa uba anza, ɗiyan itacen nan masu ɗacin tsiya da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Abin da muke dafawa a ƙurya don kada maƙwabta su san ta kai mu ga haka, shi Habi ta fito da shi tsakar gida tana nuna wa duniya. Ta zauna da tsohon zani, ta ce, “Jama'a, yau ma shinkafa ta aiko a ba ku haƙuri, ta yi tafiya.” Sai mutane su yi ta dariya. Daga Kano, daga Maraɗi, har 'yan ci-rani da ke Makka suna rubuto mata wai ta tuna musu da kakanninsu. Mata daga Kamarawa sunka zo takanas su ga yadda take cire ɗacin anza. Ni kuwa mabiyana ba su cika tabarma biyu ba, rabinsu ma amaren da na yi wa lalle ne. Wallahi in na ga bidiyonta ya fito sai in ja tsaki. Kuma sai na kalla, har sau biyu.

Amiru ne mai riƙe mata waya. Ba a ganin shi, sai dai a ji shi. A ji ya ce, “Inna, wutar ta mutu,” ko a ji shina ƙunshe dariya har hoton na rawa, ita kuma ta ce, “Kai mai riƙon abin nan, tsaida hannunka.” Sau ɗaya tak ta yi suɓul da baka. Tana sauke tukunya akuyar maƙwabta ta shigo ta tsakanin ƙafafunta, tukunya ta kife, yaro ya fashe da dariya har waya ta juyo ta nuna fuskarshi da wushiryar nan tashi. Habi ta manta da kanta ta ƙwala kira, “Amiru!” Ɗan banzan yaro ya ɗora bidiyon ba da saninta ba. Kafin ta farga ta sa shi ya goge, ni na riga na ajiye shi a wayata. Na ce na samu abin tsiya na shekara guda. Duk inda munka haɗu a biki sai in maƙe murya in ce, “Wa na ji ana kira ranar nan?” ita kuma ta rufe fuska da gyale ta ce Allah ya isa tsakaninta da ni.

Bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya shigo unguwarmu. Amiru ya kwanta da ciwon kai ranar Talata, kafin Juma'a an kai shi makwanci. Shekararshi goma sha ɗaya. Habi ba ta yi kuka gaban mutane ba, don ɗan fari ne, har a mutuwa akwai kunya. Mata sunka yi ta yabon ta da dauriya. Ni na yi kukan, kamar ni na haife shi, har anka riƙa ba ni haƙuri ana tsallake ta.

Wayar da sunka yi duk bidiyon da ita, ɓarayi sun karɓe ta a hanyar Isa ba da daɗewa ba. Malami ya taimaka anka maido mata lambarta a wata tsohuwar waya, shafinta ya dawo. Daga nan duk abin da ya rage na muryar Amiru a duniya yana cikin wannan shafin. Ta ci gaba da sa sababbin bidiyo, tana jingina waya da turmi. Amma na sha shiga gidanta da hantsi in iske ta tana tsintar wake, waya a cinya, tsofaffin bidiyon na ta zagayawa. In ta gan ni sai ta ce tana duba yadda ta yi wancan kwaɗon ne. Ban taɓa ƙaryata ta ba.

Sai kamfanin manhajar ya tashi sharar yara. Wai ƙanana sun yi yawa a ciki, suna ganin abin da bai kamata ba, miyagu na yaudarar su, don haka duk wanda bai kai shekara sha uku ba za a rufe mishi shafi. Ni dai na ce da kyau, don na san abin da nake gani a wurin. Sunka aiko wa mutane da yawa saƙo da Turanci, ni da Habi duk ya shigo mana. Ranar kasuwa da yamma na kai wa Malami ya karanta mini. Rumfarshi cike, kowa na miƙo waya. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Ba wani abu ba ne, Yaya Kande. Cewa sunka yi ki sa ranar haihuwarki.”

Na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Na ce, “Kai Malami, ni za ka yi wa izgili a tsakiyar kasuwa? Duk garin nan wa bai san ban taɓa haihuwa ba? Wace ranar za ni sa?”

Ya ce, “Subhanallahi! Ba haka nake nufi ba. Ranar da anka haife ki ke.”

Na ce, “To ka faɗi haka mana! Wa ya san wannan? Uwata ta ce da kaka ne, shekarar da fara ta cinye gero.” Ya ƙiyasta wata shekara ya sa mini. Har ya miƙo mini wayar sai hannunshi ya tsaya. Na ga fuskarshi ta sauya. Ya ce, “Innalillahi. Habi ta zo da safe. Haka na faɗa mata ita ma. Ko tambaya ba ta yi ba, ta karɓi waya ta murza lambobin da kanta.”

Ai ba sai an gaya mini mi ta sa ba. Ka tambayi macen da ta haihu ranar haihuwarta, wace rana kake zaton za ta ba ka? Habi ba ta san shekarar da anka haife ta ba, kamar ni. Amma ranar da ta durƙusa ta haifi Amiru, malamar asibiti ta faɗa mata da lissafin boko sau ɗaya, ba ta sake mantawa ba.

Malami ya bar wa maƙwabcinshi rumfa munka nufi gidanta. Munka iske ta zaune bakin murhu tana ta latsa waya, tana cewa yau sabis ya ƙi. Malami ya karɓa ya karanta, ya juyo ya dube ni. Ta ce, “Faɗi mana.” Ya ce, “Sun ce mai wannan shafin yaro ne ɗan shekara sha biyu. Sun rufe shi don su kare lafiyarshi.”

Habi ta ƙirga da yatsunta. Can ta ce, “Sha biyu. Awo, da yanzu ya cika sha biyu. Sun iya lissafi.” Sai ta ce, “Su kare shi? Ai sun makara.”

Malami ya yi iya ƙoƙarinshi, ba na cin haƙƙinshi. Ya rubuta musu cewa uwa ce, babba ce, kuskuren magana ne. Sunka ce ta aiko da hotonta riƙe da katin ɗan ƙasa. Katin ya ƙone tare da ɗakinta a Gatawa. Kafin sabo ya fito wa'adin da sunka bayar ya wuce. Babu mutum ɗaya da za ka je ka durƙusa wa, babu dattijon da za a tura ya ba da baki. Malami ya nemi mabiyanta ko wani ya ajiye wani abu, abin da anka samu sababbin ne, na jikin turmi, waɗanda babu kowa a bayan waya.

Za ku ce to Kande, burinki ya cika, Habi ta sauko, yanzu ke ce mai shafi. Ni ma haka na zata za ni ji. Na buɗe shafina, ga shi nan lafiya lau, babu wanda ya taɓa shi. Kuma na san abin da ya tsirar da shi. Ba wayo na fi ta ba. Tambaya ɗaya anka yi mana da baki ɗaya, ita tana da ranar da za ta bayar, ni ba ni da ita. Sai na iske kaina zaune ina ƙyashin kuskurenta. Wallahi da za a ba ni ranar nan tata, da na ba da shafina da wayar da kwanon lallen gaba ɗaya.

Mako ya zagayo ba ta fito ba. Na tuna da bidiyon akuya. Na yi ta juya abin a raina, don abin tsiya na ajiye shi, kuma ban san ko zai zame mata magani ko wuƙa ba. Daga ƙarshe na yafa gyale na tafi. Na iske ta tana sauya wa anza ruwa a wata babbar roba. Na ce, “Ke baƙar mata, zo ki ga wani lalle da na yi.” Na zauna kusa da ita na kunna.

Akuya ta shigo, tukunya ta kife, dariya ta tashi, ga wushirya ta cika waya. Sai muryar Habi, da ƙarfi, “Amiru!”

Ba ta rufe fuska ba wannan karon. Ta sa hannu biyu ta riƙe wuyan hannuna, hannunta jiƙe da ruwan anza, ta ce, “Sake.” Na sake. Ta ce, “Sake.” Kukan da ba ta yi ranar jana'iza ba ya zo mata a nan, babu kowa sai ni da kaji. Na bar ta ta yi har ya ishe ta.

Da ta share ido na ce, “Kawo wayarki in tura miki.”

Ta girgiza kai. Ta ce, “A'a. Na riƙe shi da ranshi ya kuɓuce mini, na riƙe muryarshi ta kuɓuce. Hannuna ba ya riƙo.” Ta tura mini wayata a cinya. “Sau uku kina zuwa roƙon riƙonshi ina hana ki. To ga shi, Kande. Riƙe.”

Na ƙulle wayar a bakin zanina, ƙulli biyu, na tashi na kama mata ɗaya kunnen robar munka zubar da ruwan ɗacin.