Ta Bayan Gwiwa Ake Wucewa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kazaure, ni da mahaifiyata Hajiya, a tsohuwar motar marigayi Baba. Kwana tara ke nan da fitarta takaba, ta ce hankalinta ba zai kwanta ba sai ta je bangajiya wurin dangin da suka zo mana gaisuwa: Roni wajen Gwaggo ƙanwar Baba, sai Gwiwa garinsu ita Hajiya, in rana ta bari mu leƙa Babura. Na ce mu ɗauki shatar mota. Ta ce ko dai a motar Malam, ko ta zauna a gida.

Kafin mu fito, babban wanmu da ke aiki a Kano ya riga ya yanke hukunci ta waya. Ya ce in motar nan ta kuskura ta tsaya da Hajiya a hanya, shi ke nan, 'yan gwangwan za a kira su kwashe ta. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na goyi bayansa. Motar ta girmi aurena, ƙofar gaba ba ta buɗuwa sai ta waje, in ta tashi kuwa maƙwabta ba sa bukatar agogo. Hajiya ta ji hukuncin, na kuma san ya tsaya mata a rai.

Hanyar Roni da damina abin kallo ce. Duwatsun nan da muka saba gani tsirara duk sun yi kore, gero ya kai ƙirji, mutane sun duƙufa a gona tun rana ba ta fito ba. Na tsaya wurin wani ɗan bumburutu na ƙara mai. Da ya faɗi kuɗin galan sai da na tuna masa cewa mai nake so, ba fili ba. Hajiya dai tana gaba da carbinta, tana kallon gonaki. Baba malamin gona ne, rabin rayuwarsa a wannan hanyar ya yi ta, ita kuma a wannan kujerar take duk ranar da ya ce ta raka shi.

A Roni, Gwaggo ba mu ta fara gaisarwa ba. Tana jin ƙarar motar ta fito ba takalmi, ta dafa bonet, ta yi ta kuka. Ta ce wallahi da ta ji ƙarar ta ɗauka shi ne. Muka ci ɗumamen tuwo da man shanu, muka sha kunun tsamiya, aka cika mana but da dafaffiyar gyaɗa kamar masu zuwa kasuwa.

Mun kama hanyar Gwiwa da hantsi. Bayan mun ratsa wani ruwa da ya kwanta a hanya, sai inji ya fara wani siririn kuka. Da Baba ne, nan take zai tsaya ya duba. Ni kuwa ƙara muryar rediyo na yi. Ba mu yi nisa ba na ji tas, fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi tauri, allurar zafi ta fara hawa. Na gangara gindin wata tsamiya na kashe. Fambel ya tsinke, guntunsa ma ya zube a hanya.

Abin da ya fara zuwa raina maganar Yaya ce. Na kalli Hajiya, na ga ita ma ita take tunawa.

“Duba ƙarƙashin safaya,” in ji ta. “Malam ba ya tafiya ba sabo.”

Yana nan kuwa, naɗe cikin tsohon buhun taki. Na yi murna, sai dai murnar ba ta daɗe ba. Bel ɗin motar nan guda ɗaya ne, dogo, shi ke juya komai: cajin batir, famfon ruwa, sitiyari. Yana bi ta kan fuli shida, wato 'yan tayoyin ƙarfen da ke gaban inji, yana lanƙwasa nan ya zagaya can. Wanda ya san aiki yakan zana hanyarsa kafin ya cire tsohon. Mu namu ya cire kansa bai yi sallama ba.

Wani mai babur ya taimaka ya ɗauko mana bakaniken ƙauyen, mutum mai fara'a, wanda ya gaya mini gaskiya tun farko cewa shi babur da injin niƙa ya sani. Muka duƙufa mu biyu. Duk yadda muka ɗora bel ɗin sai ya yi tsawo, yana lilo. Muka juya, muka sake, har rana ta take tsaka. Ya share gumi ya ce, “Malam, anya wannan na motar ne?”

A nan kewar Baba ta kama ni sosai. Sau nawa ya kira ni ranar Asabar ya ce in zo in riƙe masa sifana, ni kuma in ce karatu nake yi? Ba karatun da nake yi. Na ɗauka kullum yana nan, in mota ta lalace waya kawai zan buga. Na tsaya riƙe da bel a hannu, ga lambarsa har yau a wayata, ba wanda zai ɗauka.

Sai Hajiya ta ƙwanƙwasa gilashi na buɗe mata ƙofa. Ta gyara mayafi, ta zo ta leƙa injin, ta daɗe tana kallo.

“Kun shiga Gwiwa,” ta ce. “Ba a shiga Gwiwa.”

Muka kalli juna ni da bakanike. Ashe Baba ya raɗa wa kowane fuli sunan garin da yake zuwa rangadi, kuma duk ranar da mu 'ya'yansa muka gudu, ita ke tsaya masa yana aiki yana lissafa su. Ta fara nunawa da yatsa. Babban na ƙasa shi ne Kazaure, daga nan ake tashi. A hau Roni, a shiga. Wannan mai sulɓin shi ne Gwiwa, garin surukai, mai kunya ta baya yake wucewa, don haka bayan bel ne zai taɓa shi. A shiga Yankwashi, a shiga Babura. Achilafiya nan ake hutawa, sai a danna shi da sifana ya sassauta, a zura bel, a sake shi a hankali.

Tana faɗa da irin muryarsa, har da yadda yake jan “Baabura”. Bakanike ya danna, na zura, bel ya zauna ɗam. Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, da tsohuwar zuma ake magani.” Ita ba ta yi dariya ba. Ta koma kujerarta ta rufe fuska da mayafi, mu kuma muka yi kamar muna duba ruwan lagireto har ta gama.

Mun shiga Gwiwa bayan azahar, ta gaba, tunda ni jika ne ba suruki ba. Aka yi gaisuwa, aka ci dambu da zogale, aka yi addu'a. Babura kam sai wani jiƙon. La'asar sakaliya muka juyo, motar tana tafiya lafiya lau, rediyo a kashe, ina sauraron injin kamar yadda ya kamata in yi tun farko.

Mun iso gida kafin magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, wanda ya rasu ba ya tafiya da iliminsa duka, yakan bar shi wurin wanda ya yarda ya tsaya kusa da shi. Ni ban tsaya ba, kuma wannan zai daɗe yana damuna.

Ina rufe get Yaya ya kira. Na so in ce masa lafiya lau muka je muka dawo, amma Hajiya tana tsaye tana kallona, sai na gaya masa komai.

“Ita ta nuna maka?” ya tambaya. “Ta ce maka ba a shiga Gwiwa?”

Na ce haka ta ce. Na ji yana gyaran murya, sau biyu.

“Ka sayi wani fambel ɗin gobe,” in ji shi, “ka sa mata a ƙarƙashin safaya.”