Guɗar da Na Yi a Bakin Ɗakin Jarrabawa

Ku 'yan mata da kuka karɓi tsintsiya daga hannuna, ku matso ku ji. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na rangaɗa guɗa a inda ba a guɗa ba.

Na daɗe ina aiki a makarantar koyon kiɗa ta wata Madam a unguwar Bonamoussadi. Shara da goge-goge ne aikina, kuma makullin ɗakin ajiyar kayan busa a hannuna yake. A unguwar New Bell kuwa, inda aka haife ni, ni ce maguɗiyar layinmu. Ba a kai amarya sai da ni.

Cikin ɗaliban akwai Asma'u, 'yar unguwarmu, mai aikin ofis. Kilarinet take koyo, wata baƙar algaitar Turawa mai maɓallan ƙarfe. Ba tata ba ce, aron makaranta ce. Ga dokar gidan: ɗan shekarar farko in ya ci jarrabawa, ya ci gaba da riƙe abin busarsa. In ya faɗi, ya mayar a ba wani.

Kullum ta taso daga aiki sai ta shige ɗaki ta yi ta maimaita abu ɗaya. Murya ta hau, ta hau, kamar mai hawa bene, sannan ta sauko. Ba waƙa, ba taken kowa. Ran nan na ce mata, "Ke Asma'u, yaushe za ki busa mana abin rawa?"

Ta yi dariya. "Iya, wannan gam ce, gam majar, wato atisayen hawa da saukar murya. Sai yatsuna sun san hanya tukuna."

To, akwai wani wuri a tsakiyar hawan, inda yatsu ke sauya zama gaba ɗaya. Da ta kai nan sai abin ya yi ƙara kamar an taka kwikwiyo. Wata da watanni ana haka. Ina goge baranda ina jin ciwon a haƙorina, har addu'a nake sa ta a ciki.

Ranar jarrabawa ta zo, cikin damina. Madam ta same ni da safe ta ce, "Iya Ladi, yau ba motsi. Silans, wato shiru." Na ce to. Na zauna a bakin ƙofa da bokitina, malamai suna ciki, iyayen yara suna jere a benci.

Asma'u ta fara. Ta hau, ta hau, ta iso wurin nan, na riƙe numfashina. Ta wuce shi sumul, ta kai can ƙoli, muryar ta tsaya cak, tas da ita. Wallahi ban san lokacin da na kama hancina ba. Sai dai na ji guɗata ta cika gidan.

Ashe ba a gama ba. Ita gam, sai an hau an sauko a tafiya ɗaya. Yarinya ta firgita, yatsu suka rikice, ƙarar nan ta dawo. Aka ce ta sake, ta kasa.

Madam ta fito. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Iya Ladi, nan ba gidan biki ba ne."

Na durƙusa a gaban iyayen yara, da furfurata. "Madam, ni ce. A kore ni, a bar mata abinta."

"Malamai sun riga sun yanke, Iya. Tashi."

Da yamma Asma'u ta kawo akwatin kilarinet ɗakin ajiya, kuma ni ce mai karɓa. Na kasa ɗaga kaina. Ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Iya, guɗarki ta yi daɗi. Da dai kin jira na sauko."

Na ajiye akwatin a kan kanta, na kulle ƙofa. Mako na zagayowa na ba wani yaro shi da hannuna.

Don haka ku ji ni. A wurinmu, in mabushi ya burge ki, a take kike gaya masa. Mutanen gidan nan ba haka suke ba. Kyautar da suke so a wurinki shiru ce, har su cire abin daga baki. Ko zuciyarki za ta fashe don murna, ki danne ta, ki riƙe tsintsiyarki.