Mama Fasto a Bencin Horo

Har yanzu idan damina ta sauka, ƙamshin ƙasa ya gauraya da hayaƙin inji, sai in gan ta tana tafe a gefen titin Sharaɗa. Baƙar laima a hannunta, ƙarfe ɗaya ya karye yana reto. Tana tsallake kwatocin da kamfanoni ke sako wa ruwa, yau shuɗi, gobe ja, wani lokacin launin da ba shi da suna. Jiniyar tashi daga aiki za ta yi kuka, ma'aikata su ɓarko daga ƙofofi, masu a-daidaita-sahu suna ta kiran Ɗorayi, Ɗorayi, ita kuwa tana tsakiyarsu tana rera waƙa ta hanci, kamar a gonarta take. Ban taɓa ganin ta tana sauri ba.

Matar fastonmu ce, kowa Mama Fasto yake ce mata. Daga Adamawa suka zo ita da mijinta, can inda ikkilisiyar Luteran ta yi saiwa. Majami'armu tsohon sito ne na wani kamfanin saƙa da ya rufe. Idan ruwa ya kece a kan kwanon rufin, wa'azi tsayawa yake yi, mu yi ta waƙa har sama ta gaji. Yawancinmu 'yan kamfani ne, daga kudancin Kaduna da Filato da Adamawa. Wasu daga aiki suke wucowa sujada, su yi ta gyangyaɗi, ba wanda ke tashin su.

Kada in mayar da ita waliyyiya, don ba za ta yafe mini ba. Tana da faɗa. In kika makara taron Zumuntar Mata, sai kin gwammace kiɗa da karatu. Kunnenta na hagu ya mutu, saboda haka raɗarta har bakin titi ake ji, ita kuma a zatonta asiri take yi. Addu'arta kuwa hira ce. Tana tsince tsakuwa daga shinkafa za ki ji ta ce, "Ubangiji, ka dai ga abin da nake gaya maka ko?" Sai ta yi shiru, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsinta. Ranar Asabar ita ke gasa gurasar jibin Ubangiji, wadda muke ci a majami'a don tunawa da Yesu, a tukunya mai yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Wani lokacin gindin ya ƙone, ta kankare da wuƙa tana mita.

Ni a kamfanin minti nake aiki a lokacin, ina naɗe alawa daga safe har yamma, in dawo gida ƙudan zuma na bina. Maigidana kuwa a Challawa yake, a kamfanin jima, sashen da ake jiƙa ɗanyar fata a magani. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da majemi ba, ba zai gane ba. Warin ba a riga yake zama ba, cikin jiki yake shiga. Ya yi wanka da sabulun salo, ya goge da toka, ya matsa lemun tsami. Wata Hajiya maƙwabciyarmu har turaren wuta take aiko mana, muna turara rigarsa ta Lahadi. Da zufa ta ɗan tsatso, sai warin ya dawo. Farcensa sun yi baƙi, tafin hannunsa duk tsaga. Ni hancina ya daɗe da sabawa, har nakan manta.

Akwai wata al'ada a wurinmu. Idan mutum ya yi laifin da ya fito fili, zina ko sata ko shaye-shaye, dattawan ikkilisiya sukan sa shi horo. Ba a korar sa. Zai riƙa zama a benci na ƙarshe, kusa da ƙofa, kuma ba zai ci jibi ba sai an ɗage masa. Wannan bencin ba mai zama a kai don ganin dama. Ko majami'a ta cika maƙil, gara mutum ya tsaya a waje.

To, wata Lahadi sai na waiga na ga maigidana a kai. Ranar jibi ta zo, aka yi ta fita layi-layi ana durƙusawa gaban bagadi, teburin nan na gaba, kafaɗa da kafaɗa, ana miƙa hannu a karɓi gurasa, ana sha daga ƙoƙo ɗaya. Shi bai motsa ba. Wata ya zagayo, haka. Damina ta wuce, wata ta zo, yana nan.

Mutane suka gama lissafinsu. Ba a sanar da horonsa ba, amma ai ruwa ba ya tsami banza. Wasu suka ce Fasto ne ya rufa masa asiri. Wasu har sun san yarinyar, wai mai sayar da abinci a ƙofar kamfaninsu. Mata suka fara gaishe ni da wata irin murya mai laushi, suna cewa, "Sai haƙuri, kin ji?" Wannan haƙurin ya fi zagi ciwo. Na tsare shi a ɗaki na tambaye shi, da lallashi, da kuka, da masifa. Abin da yake cewa kawai, "Ba komai." Mutum ne da magana ke yi wa nauyi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara tunanin in goya jaririyata in koma gidanmu, don zama da wanda gari ya san laifinsa ni ban sani ba ya ishe ni.

Ban kai ƙara wurin Mama Fasto ba. Ita ce ta tare ni wata yamma a bakin kamfaninmu, ta yi mini raɗar nan tata da ta sa masu gadi suka waigo.

"'Yata, na tambayi Babanku Fasto. Ba wanda ya sa mijinki horo."

"To, Mama, me ya kai shi can?"

"Ban sani ba. Zan je in gani."

Ta ɗaga laimarta ta yi gaba. Na ɗauka gidanmu za ta zo.

Ran Lahadi ta shigo da ankon Zumuntar Mata, ɗankwali a kafe. Kujerarta tana gaba, ita kaɗai ce mai matashi. Ta dube ta daga nesa, sannan ta juya ta zauna a bencin horo, daf da maigidana. Ina kusa da su, don masu goyo a baya muke zama saboda kuka. Mai kaɗa tulu ta rasa bugu. Baba Fasto ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Maigidana ya matsa gefe, ta matso. Ya ƙara matsawa har rabin jikinsa ya bar bencin, ya cusa hannayensa ƙarƙashin cinya. Ta buɗe littafin waƙoƙi ta riƙe a tsakaninsu, ta kama waƙa abinta.

Haka ta yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi. Surutu ya bar kanmu ya koma kanta. Matar fasto a bencin horo! Dattawa suka je wurin mijinta, ya ce musu shi ma bai taɓa cin gardama da ita ba, in suna da sa'a su gwada. Ba wanda ya gwada.

Ranar jibi ta zo. Na tuna hasken ranar yana shigowa ta hujojin kwano, ɗigo-ɗigo a kan kawunan mutane, iska kuma tana kawo gunjin wani inji daga nesa. Layi ya yi ta tafiya har ya ƙare. Baba Fasto na tsaye da faranti. A ƙa'ida matarsa ce ke fara durƙusawa, yau ga ta zaune. Ya jira.

"Tashi mu je," ta ce wa maigidana.

"Ku je, Mama."

"Ƙafata ƙafarka. In ba ka ci ba, ban ci ba. Kuma ni na gasa, na san ta yi kyau."

Ya sunkuyar da kai. Da kyar na ji muryarsa.

"Mama, ina wari."

"Me ka ce? Ta wannan kunnen za ka faɗa."

"Na ce ina wari. Ranar da na durƙusa na ƙarshe, wadda ke gefena ta toshe hanci da mayafi. Da aka miƙa mata ƙoƙon bayan na sha, ta juya shi, ta goge. Ba na so in hana wani ci."

Duk watannin nan, ashe wannan ne. Ina kwana da mutumin, ina turara masa riga, ban taɓa kawowa ba. Tausayinsa ya kama ni.

Mama Fasto ta yi tsaki, kuma kowa ya ji.

"Kai, ɗana. Ni 'yar masunta ce, a bakin Binuwai aka haife ni. Su waye suka zauna da Yesu a wancan teburin? Masu kamun kifi. Kana tsammani ƙamshin turare suke yi? Da su ya tsoma hannu a akushi ɗaya. Teburin nan ba na Fasto ba ne, ba na mai mayafi ba ne. Mai shi ya kira ka, ya kuma san inda kake aiki. Ba ni hannun."

Ta zaro hannunsa daga ƙarƙashin cinya, ta riƙe, suka taka tsakiyar majami'a a hankali, ita a gaba tana jan ƙaton mutum. Suka durƙusa. Ya buɗe tafin nan mai tsaga, aka sa masa gurasa. Da ƙoƙo ya zo ta ce a fara ba shi. Ya sha, ta karɓa ta kafa bakinta daidai inda ya ɗauke nasa. Kafaɗunsa suna rawa. Ni ma kuka nake yi, jaririyata na taya ni.

Da aka tashi na neme ta in yi godiya, ban gan ta a bakin ƙofa inda take gaisawa da mutane ba. Na zaga bayan majami'a. Tana can dafe da bango, ɗankwali ya zame, tana kelaya amai. Na ruga na ɗebo ruwa. Ta kurkure baki, ta wanke fuska, idanunta sun yi ja. Sai a lokacin na lura ƙasar wurin duk an tona an rufe, wuri-wuri, ba na yau kaɗai ba.

"Mama, tun yaushe?"

Ta ɗaga mini hannu. Wannan karon, ban san yadda aka yi ba, raɗarta ta fito a hankali.

"Warin kam akwai shi, 'yata. Ni tun ina yarinya ko kifin ubana ba na iya tsayawa kusa da shi. In kika gaya masa, ni da ke ne." Ta gyara ɗankwalinta, ta tura ƙasa da takalmi ta rufe wurin. "Mako mai zuwa ki zo mini da ɗanyar citta in sa a baki. Ba zai iya dawowa gaba shi kaɗai ba tukuna."