Kunyar Suruki Ta Kusa Kai Ni Kushewa

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shige tun bayan azumi, ga ni, da raina. Jinya na yi. Yau zan faɗi komai a nan, don na gaji da amsa tambaya ɗaya a gidan suna da gidan biki.

Da tari abin ya fara, duk sanda nake cin abinci. Sai loma ta koma tsaya mini a wuya, ruwa ma ya riƙa sarƙe ni. Abin da ya fi tayar mini da hankali, in kishingiɗa da la'asar, abincin safe ya dawo mini baki yadda na haɗiye shi, ga wari.

Na rame har na daina duba madubi.

Nan fa kowa a unguwarmu Kambarawa ya zama likita. Wannan ta ce olsa, waccan ta ce sammu. Yayata Hajiya Binta ta taso tun daga Ƙofar Kaura, ta haska mini baki da fitilar waya, ta ce, "Beli ne. Mi za ki yi asibiti? A kira wanzami shi cire ki huta."

Ni da jikoki, wai a yanke mini beli! Na ce ta bar ni da abin da ke damuna.

Na je asibiti, na yanki kati, na bi layi. Likita ya ce sai an yi hoton haɗiya. Ana ba ka wani farin ruwa mai kauri kamar an dama alli, kana sha na'ura tana ɗaukar bidiyon yadda yake sauka.

To ga inda aka samu matsala. Mijin 'yata ta fari a ɗakin hoton yake aiki. Na ɗauka zai miƙa ni hannun wani ya fita. Ashe ranar shi kaɗai ne a bakin aiki.

Jama'a, ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo kofi, kansa a ƙasa. "Mama, a daure a shanye."

Na ja mayafi, na ɗan kurɓi abin da bai cika cokalin shayi ba. Ya ce a ƙara, na ƙara irin wancan. Shi kuma nauyina ya hana shi cewa Mama buɗe baki ki kwankwaɗa. Ina jin kunyarsa, yana jin kunyata, ciwo yana zaune abinsa.

Sakamako ya fito wai ba a ga komai ba. Aka rubuta mini maganin olsa. Hajiya Binta ta ce, "Ai na hwaɗa miki, ba ki ji."

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da ni, numfashi yana yankewa. Limoniya ce, wai abincin da ke dawowa yana zuba cikin huhu. Aka ba ni gado, ga ƙarin ruwa, ga robar abinci ta hanci. Na tsorata ƙwarai, har na tara yara na yi musu wasiyya.

Likitar da ta karɓe ni a wannan karon mace ce, ba ta da wasa. Ta sa aka ɗauko bidiyon farko. Asibitin suna gwada wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, wadda aka koya wa duba irin waɗannan hotuna. Da aka saka mata nawa, sai ta zagaye wani ɗan farin ɗigo da ya maƙale a bayan maƙogwaro, ta kuma nuna cewa abin da aka haɗiya ya yi kaɗan, a sake.

Likitar ta zo kaina. "Hajiya, mi ya hana ki sha?"

Na kawar da kai. Nas ta raɗa mata dalili. Ta dafe kai, ta ce, "Na'urar ba ta ce ga cutarki ba. Ta nuna mana inda za mu duba ne. Sauran aikin nawa ne da naki."

Wallahi na ji haushi. Duk mutanen da suka riƙe sakamakon nan babu wanda ya tambaye ni ko na sha da kirki, sai kwamfutar da ba ta san mene ne suruki ba.

Da huhuna ya lafa aka sake hoton. Aka ce da bawan Allahn nan ya je ya sha iska, wata mata ta tsaya a madadinsa. Na ɗaga kofi na shanye tas, ba daɗi ko kaɗan.

Sai ga shi a allo, har ni na gani: wata 'yar jaka a bayan maƙogwarona, ta cika taf. A nan abincina yake taruwa duk tsawon lokacin nan.

Aka yi tiyata aka cire ta. Tabon yana gefen wuyana. Kwanaki ba ci ba sha sai ta roba, daga nan ruwa, sai kunu, sai fate. Kuɗi kam an kashe, kuma rabinsu a banza, don gadon limoniya da hoto na biyu duk kunya ce ta jawo su.

Ranar sallama surukin nawa ya shigo gaishe ni ina tsaka da cin tuwo. Hannuna ya tafi zai rufe kwano da kansa. Likitar tana tsaye, ta harare ni. Na kai lomar baki. Shi ne ya juya ya fice har yana tuntuɓe.

Alhamdulillahi, yanzu ina ci ina sha. Na gode wa likitata da nas-nas, da duk wanda ya yi mini addu'a. Na gode wa surukina, wanda har yau yake ganin laifinsa ne, alhali ni da shi duk tarbiyya ce ta ɗaure mu. Hajiya Binta ma na gode, ko da yake har gobe tana nan a kan belinta.

Wanda duk abinci ke tsaya masa a wuya ko ruwa ke sarƙe shi kullum, ya je asibiti da wuri. In an ce lafiya lau alhali jikinku bai yarda ba, ku koma, ku ce a sake dubawa. In mai yi muku gwaji wanda kuke jin nauyinsa ne, ku buɗe baki ku nemi a canza shi, ba wanda zai kama ku.

Ni ma da kunya aka raine ni, ban kuma yar da ita ba. Amma in kun shiga ɗakin hoto aka ce ku haɗiya, don girman Allah ku haɗiya.