Birkin da Na Zaɓa wa Kawu

Ina kujerar gaba ranar da 'yan acaɓa suka kusa kashe Kawu a hanyar Shabu. Duk wanda ya ba ku labarin daban, ƙarya yake yi, ba ya wurin.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Sunan uwarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, sai dai "Uwata". Motar kuwa tsohuwar wagon ce da mahaifina ya rasu ya bar mini. Kawu yana haya da ita tsakanin Lafia da Akwanga, kullum da safe ya sauke ni a firamaren da nake koyarwa a Shabu.

Birkin motar nan abin kunya ne. Ka taka, ka saki, ka sake takawa kamar mai buga famfon tuƙa-tuƙa, sannan ta fara shawarar tsayawa. Jar wutar bayanta kuwa ta mutu tun mahaifina na da rai. Kawu ko a jikinsa. In zai tsaya sai ya zuro hannun hagu ta taga yana kaɗawa, ƙafa na ta famfo, kafin motar ta tsaya duk na baya ya gani. Haka direbobin tasharmu suke yi, 'yan acaɓa kuma sun saba. Manne wa gindin mota suke yi, idonsu na kan taga, ba ruwansu da fitila.

Ranar da muka kusa afkawa cikin garken shanu, har madubi ya shafi ƙahon wani bijimi, na ce wallahi ya isa. Na tasa Kawu a gaba sai gareji.

Bakaniken wani ɗan Tibi ne, Hausarsa irin ta kasuwa. Ya jera mana kaya a kan kwali ya ce, "Hajiya, wannan ɗan gida ne, mun liƙa mashi sabon fata. Wannan Taiwan, yana kuka amma yana kama. Wannan kuma Beljiyam, daga babban mota aka cire, da tukunya nashi mai ƙara ƙarfi. Ka taɓa kawai, mota ya mutu a wurin."

Kawu ya ce, "Uwata, a sa ɗan gida. Ƙafata ta san shi."

Na ce, "Shanun ɗazu ma saura ƙiris su san shi!"

"Tsohuwar mota ba ta son a ba ta mamaki."

"Kawu, rai nake ɗauka a cikinta, nawa da na mutane. Na Beljiyam za a sa, ko kuma na kulle ta a gida kaji su yi ƙwai a ciki."

Ya juya yana kallon titi. Ni na zaɓa, kuma ko gobe aka sake jera mini su, shi zan nuna. Mu ukun dai ba wanda ya yi zancen wutar baya.

Washegari da safe muka ɗauki hanya, mota cike da fasinja. Mun kusa Shabu ke nan, wata mata mai goyo, da daron doya a ka, ta fito daga bayan tirelar da aka ajiye a gefe, ta faɗo tsakiyar titi. Kawu ya taka da dukkan ƙarfinsa, irin takun da ya saba. Motar ta ƙame. Goshina ya daki gilashi. Hannunsa ko taga bai kai ba, sai muka ji gam! daga baya. Ɗan acaɓan da ke manne da mu ya shigo ta gilashin baya da ka.

Kawu ya fita da gudu zai ɗaga shi. Fuskar mutumin jina-jina, yana numfashi, ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Fasinjoji suka watse. Kafin ka ce kwabo babura sun cika titi, ban san daga wane rami suka fito ba.

"Shi ne direban! Bai ba da hannu ba!"

Kawu ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Mata ce ta shigo, ku tsaya ku ji." Wani ya rafka masa makullin taya a baki. Na ga haƙoransa a kwalta. Suka rufe shi da duka, da ƙafa, da gora, da bulo, wani har da sarƙar babur. Tsoho, sa'an ubanninsu! Na kutsa ina zagi, zagin da ban san na iya ba. Na ciji wani a hannu sai da na ji gishirin jini. Na faɗa kan Kawu na rufe kansa da jikina, na ce, "Ku haɗa da ni, 'yan banza, matsorata! Motata ce!" Gora ta sauka a gadon bayana, ta sake sauka. Wani yana ihu, "Abeg, mace ce, ku bari!" Ba wanda ya ji shi.

Warin fetur ne ya cece mu. Wani ya ɗauko galan daga teburin mai sayar da mai a gefen titi ya watsa wa motar, sai hankalinsu ya koma can. Da wuta ta tashi suka ja baya suna sowa. Na kama Kawu ta wuyan riga, na ja shi a ƙasa har cikin gonar rogo. Daga nan na kalli motar mahaifina tana ci, ina kuka don baƙin ciki da fushi. Wani direban motar doya ne ya tsaya ya kai mu asibiti a Lafia.

Ɗan acaɓan ya rayu, yana ɗingishi. Kawu ya daɗe bai san inda yake ba. Idonsa na dama ya tafi, likita ya ce ba shi ba tuƙi. Masu zuwa dubiya kowa da tasa, wai birki ya fi ƙarfin mota, wai tsoho ya rikice ya taka ba dalili. Matar nan mai goyo kuwa, cikinsu ba wanda ya gan ta. Ta gudu tun kafin a taru, ko doya ɗaya ba ta yar ba.

Ranar da ya farfaɗo ina zaune a gefen gadon. Ya motsa kumburarren bakinsa, na kai kunne.

"Uwata, mai goyon nan fa?"

Na ce, "Ko zaninta ba ka taɓa ba, Kawu. Ta tsallake, ita da ɗanta."

"Kin gan ta dai? Da idonki?"

"Na gan ta."

Ya lumshe idon da ya rage masa, hawaye na bin gefen kunnensa, ya ce, "To, alhamdulillahi."