Tabarau na Mai Shekara Sittin da Ɗaya

Shekara ashirin da bakwai Enci Sulung ya yi yana rubuta wasiƙun fadar Sultan, ɗari huɗu da goma sha ɗaya, ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ya san layi nawa na yabo ya dace da Gwamnan Holandawa da ke Batawiya, ya kuma san mazaunin hatimi: can sama idan tsara ake rubuta wa, ƙasa idan talaka ne ke roƙon ubangidansa.

Da idonsa ya fara hazo sai ya ɓoye lamarin, gudun kada a karɓe alƙalamin. Ranar wasiƙar cinikin barkono ya shafa wa hatimi baƙin fitila, ya danna, ashe hatimin ya sauko ƙasa da yatsa uku. Ana shirin naɗe ta a ƙyallen siliki Sultan ya hango.

"Sulung, yaushe ka mai da ni yaron Holandawa?"

"Tuba nake, ranka ya daɗe. Ido ne ya ci amanata, damina biyu ke nan."

Sultan ya ce, "Sake wata. Bayan ka lissafa hauren giwa biyun da muka aika, ka ce muna son tabarau."

"Na wa za a ce?"

"Wa zai aiko wa tsohon magatakarda tabarau? Ka ce nawa ne. Da shekaru suke auna shi, sa naka."

Sulung ya rubuta shekarunsa, sittin da ɗaya. Bayan wata biyar jirgi ya kawo tabarau, Sulung ya ƙara shekara tara a bakin aiki. Wasiƙun Batawiya kuwa suka riƙa tambayar lafiyar dattijo Sultan, wanda bai cika arba'in ba.