Facin Leda a Ɗakin Alhaji Mai Taya

Shekaru sun tura, abubuwa da yawa sun zube daga kaina kamar gero daga tsohon buhu, amma akwai wani faci da na yi a shekarun farin nan, kafin soja su karɓi mulki, wanda ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Dukanci na gada a Birni, cikin Damagaram, na ɗinka takalma da jakunkuna ba iyaka. Wannan facin kuwa ba na fata ba ne. Na ledar ƙasa ne, a cikin wani ɗaki mai taya.

Ɗakin na maƙwabcinmu ne, wani Alhaji Babarbare mai kamiyo, wato babbar mota, da ke jigilar kaya tsakanin Damagaram da Kano. Lokacin da duniya ke kwance ya saye shi a hannun wasu Turawa ƴan yawon buɗe ido da suka ratso hamada. Su suna ce masa karaban, mu muna cewa ɗakin Alhaji. Mota ke jan sa. A ciki akwai gado, da benci mai murfi, da ƴar taga mai labule, ƙasan kuma an manne shi da leda mai zanen gida-gida, fari da ruwan ƙasa. Idan ya sami sarari sai ya ɗaura shi a bayan mota, ya kwashi abokai a tafi lambunan Mirya a wuni ana hira. Ni ma na taɓa samun tayi. Har yau ina jin sanyin ledar nan a tafin ƙafata. Allah sarki, wani zamani!

Sai ruwa ya ɗauke. Damina ta zo ta wuce kamar baƙon da bai zauna ba, ta sake zuwa ta sake wucewa. Mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa gari. Cikinsu har da kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi daga ƙauyen Dogo, tare da matarsa, Bafulatana ce muna ce mata Inna, da jikokinsu ƙanana, don ƴaƴan sun bazu neman abinci. Kawu mutum ne da a da ake cin tuwo a ƙofar gidansa, bai taɓa sanin yadda ake miƙa hannu ba. Sai da rumbunsa ya zama ba komai ciki sai iska kafin ya yarda ya taso.

Gidanmu ya riga ya cika da dangi. Da Alhaji ya ji, sai ya ce ga ɗakinsa nan a ajiye cikin fili, ba shaƙatawar da za a je a wannan hali, su shiga. Da ƙyar Kawu ya amince. Ba a jima ba Alhaji ya tafi Kano neman hatsi.

Wata safiya ƙaramar jikar ta tashi da zazzaɓi. Inna ta so ta ɗumama mata kunu, iska kuma ta hana wuta zama a waje, sai ta ɗebo garwashi a kasko ta shiga da shi ciki ta ajiye a ƙasa. Ba laifinta ba ne. Tun tana yarinya a kan ƙasa take ajiye wuta, ƙasa kuwa ba ta taɓa yi mata gardama ba. Wari ne ya fara sanar da ita. Ko da ta ɗaga kaskon, ledar ta narke ta bar baƙin tabo kamar faifai, har katako ya leƙo.

Da na shiga gaishe su, na tarar Kawu yana ɗaure kaya. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya nuna mini wurin da haɓa. Inna na rakuɓe a gefe, ta rufe fuska da mayafi.

"Dogo za mu koma," in ji shi.

Na ce, "Ku koma ku ci me? Ga yarinya ba lafiya."

"Abin da waɗanda suka rage suke ci. Ɗana, mutum ya ba ka inuwarsa, kai ka sa mata wuta, da wane ido za ka dube shi?"

Na san halinsa. Idan ya ce zai tafi, to, tafiya zai yi, kuma na san abin da ke jiran yaran nan a can. Na durƙusa na roƙe shi da girman zumunci ya ba ni dama in gwada gyarawa. Ya dube ni ya ce, "Kai da ka san fata, ina ka san kayan Nasara?" Amma ya saki igiyar da ke hannunsa, ya zauna a kan ƙullin kayan bai kwance ba.

Gaskiyarsa ce, ban sani ba. Na fara da abin da na iya. Na samo wani guntun leda a kasuwa, na kawo basilla da zare zan ɗinka kamar yadda nake yi wa jaka. Ina huda ta ina jan zare, sai ta tsage, ramin ya ƙara faɗi. Kawu ya yi wata ƴar dariya mai ɗaci ya ce, "Madalla da gwani. Da faifai ne, yanzu ya zama tabarma." Guntun da na kawo ma launinsa dabam, ko makaho ya shafa zai gane.

Na yi sallar azahar na dawo na zauna ina kallon ƙasan nan. Can na ɗaga murfin bencin don in ajiye kayan aikina, sai na ga ashe ledar ta wuce har ƙarƙashinsa, sabuwa ful, ƙafa ba ta taɓa taka ta ba. Na ce Alhamdu lillahi. Na sa wuƙar dukanci na yanko abin da zai ishe ni, na ɓamɓaro shi a hankali. Na ɗora shi bisa ƙunar, ina juya shi har layukansa suka haɗu da na ƙasa. A nan ne zayyanar allo da na koya wurin malaminmu ta yi mini rana, don ita ma idan layi ya kauce kaɗan, duka ta lalace. Sannan na tuna yadda mahaifina ke yi idan zai dasa jar fata cikin baƙa, yakan haɗa su ya yanka tare. Na danne, na bi layin zanen da wuƙa na yanke na sama da na ƙasa a tashi guda. Na cire ƙonannen, na kankare katakon da kyau, na karɓo kol, wato abin mannen da mai facin taya ke aiki da shi, na shafa, na jira ya sha iska, na kwantar da facin. Ya zauna daram. Muka ɗauko dutsen niƙan Inna muka danne shi, dama ba abin da yake niƙawa a lokacin.

Washegari aka ɗaga dutse. Inna ta yi ta shafa wurin tana neman bakin facin. Ni kuwa sai fara'a nake, na ce, "Kawu, a kwance kaya?"

Ya ɗaga murfin benci ya leƙa. Ya ce, "To wannan ramin fa? Ka ɗebi ƙasa a bayan gida ka cike na gaba." Na yanko jar fata mai kyau na manne a wurin. Ya duba ya ce aiki ya yi, amma da sauran magana. "Ka rufe wa ido, ba ka rufe wa Allah ba. Sai mai abu ya dawo na gaya masa da bakina. In ya ɓata fuska ko kaɗan, mun tafi." Haka kayan suka ci gaba da zama a ɗaure, ga shi kuwa Alhaji mutum ne mai son kayansa.

Ranar da ya dawo, ko hutawa bai yi ba Kawu ya ja shi ciki, ni ina biye. Ya nuna masa wurin, ya faɗi komai bai rage ba. Alhaji ya tsuguna ya laluba. Sai ya miƙe ya nufi wani akwatinsa na ƙarfe da ke kusurwa, wanda ba mai taɓawa saboda nasa ne, ya ja shi gefe. Ga wata ƙuna nan baƙa ƙirin, ta fi ta Inna girma.

"Ranar da na saye shi na yi wannan," in ji shi. "Shayi zan dafa wa baƙi. Malam, kai ne na biyu, ka zo a makare." Ya leƙa waje inda Inna ke laɓe ya ɗaga murya. "Ke Bafulatana! Na san aikinki ne. Ku in ba nono ba me kuka sani?"

Ka san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Inna da ta kwana biyu ba ta ɗaga kai ba sai ga murya daga bayan ƙofa: "Ni ai saboda marar lafiya na yi. Kai kwaɗayin shayi ne, kuma ka ɓoye da akwati kamar ɓarawo!"

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Kawu ya yi ƙoƙarin daurewa, gemunsa na rawa, daga baya shi ma ta ƙwace masa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin fari. Da yammar nan da kansa ya kwance kayan. Suka zauna har Allah ya saukar da ruwa, suka koma Dogo da jikokinsu duka a raye. Ni kuma Alhaji bai bar ni ba sai da na yi wa tasa ƙunar faci.

Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. A lokacin na ɗauka wuƙata ce ta tsayar da Kawu. Sai da na girma na gane ba ita ba ce. Abin da na koya shi ne, idan ka taimaki mutum mai mutunci da wahala ta kayar, ba shi masauki da abinci bai isa ba, sai ka nemi hanyar da zai iya ɗaga kai ya dube ka. Da Alhaji ya so, zai iya cewa ba komai kawai, Kawu kuma ya zauna da nauyi a zuciya ko ya tafi. Sai ya zaɓi ya tona nasa asirin don ya rufa na baƙonsa.